Ranar Da Na Gyara Wa Luba Duniyoyinta

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Shekaranjiya na yi ta neman carbina tun hantsi har azahar, na zargi kaji, na zargi jikoki, ashe yana rataye a wuyana. Amma ko zai kwashe komai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da na je Kalgo na tsoma hannu cikin ƙwaryar da ba a aike ni ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsawon inda na faɗo. Ban shiga makarantar boko ba ko ta yini ɗaya, kuma ban taɓa jin wani ya fi ni da komai ba saboda haka. A unguwarmu a Gwandu, in ana zancen kunun tsamiya mai gudaji, sunana ake kira. Gudaji, ga wanda bai sani ba, su ne 'yan dunƙule-dunƙulen nan da kake taunawa in kana shan kunu. Garin gero ake zubawa a ƙwarya, a yayyafa ruwa da yatsu, a yi ta juya ƙwaryar ana murzawa da tafin hannu har garin ya kama juna. Kowace mace tana iya yi. Abin da ba kowace ke iyawa ba shi ne su fito kai ɗaya, babu babba babu ƙarami, kamar an auna su. Nawa haka suke fitowa. Suna ko biki, ko buɗa-baki da azumi, ni ake aiko wa da gari. (Ba yabon kai nake ba. To, yabon kai ne, amma ku je ku tambaya.)

Luba jikata ce, ɗiyar 'yata ta fari, wadda ban faɗi sunanta ba tana raye, balle yanzu da ta riga mu gidan gaskiya. Ta bar mini yarinyar tana da shekara uku, da ƙurji a ƙafa da taurin kai irin nawa. A bayana ta girma, a ɗakina take kwana. Duk abin da na koya mata ta ɗauka: surfe, tankaɗe, kitso, har da yadda ake amsa wa babba ba tare da an kalli idonsa ba. Abu ɗaya ne ya gagare ta, gudaji. Nata kullum wani kamar ƙwan zabo, wani kamar tsabar gero, sauran kuma gari zalla. Na yi faɗa har na gaji. Nakan ce mata, "Ni tun ranar da na fara riƙe ƙwarya nawa suka fito daidai, ke wa kinka gado?" Sai ta yi dariya ta ce, "Wataƙila Kakana namiji."

Allah kuwa Ya ba ta kan karatu. Ta tafi jami'ar nan da ke wajen Kalgo, wai tana karanta sha'anin taurari da yadda abubuwa ke tafiya a sama. Na ce mata in taurari ne ai da ta zauna gida na koya mata kyauta: ga Kaza da 'Ya'yanta, ga Zara, ga Gamzaki mai tashin mutane sallar asuba. Ta ce wai Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne, duniya ce irin tamu mai zagaya rana. Ita ranar kuma, in ji ta, tauraro ce, kusa da mu kawai take. Na ce, "Madalla. Gobe kuma sai ki ce mini ni ce jikarki."

Da ta zo hutun shekararta ta ƙarshe, wata rana da la'asar ina zaune gindin bedi, wato dogon yaro, ina murza gudajin sunan maƙwabta, sai na ga ta tsuguna ta zuba wa ƙwaryar ido ko ƙiftawa ba ta yi.

"Kaka, tsaya. Sake juyawa."

"Mi kinka gani? Kunama?"

"Juya dai, don Allah."

Na juya. Ta dafe kai ta ce, "Wallahi shi ne. Haka duniyoyi ke haɗuwa."

Ta shiga yi mini bayani. Wai in tauraro yana sabon haihuwa, ƙura da iska masu yawa ne ke kewaye da shi, shimfiɗe kamar faifai, suna ta zagaya shi. Ƙwayar ƙura ta gogi 'yar'uwarta su manne, su biyun su kama ta uku, a yi ta tafiya har su zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, dutse ya zama duniya. Na ce ikon Allah ne. Ta ce, "Ƙwarai, Kaka, Shi ne Ya yi. Mu leƙawa kawai muke mu ga yadda Ya yi." Wannan amsa ta yi mini daɗi, na miƙa mata ƙwaryar ta nuna mini.

A nan ne na yi kuskurena na fari. Ta karɓa tana juyawa tana ta zuba magana, kuma daga baya na gane a daidai lokacin ta faɗi abin da ya fi komai nauyi a zancen. Ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba. Gwiwar hannunta nake kallo, yadda ta ɗaga ta sama kamar mai korar shaho. Ina cewa "awo, awo", a raina kuwa ina cewa wannan hannu ba zai taɓa zama ba.

Kafin ta koma ta roƙe ni ƙore huɗu da faifansu, da garin gero. Ta ce makarantarsu ta sa rana, ɗaliban da za su gama kowa zai bayyana aikinsa da Hausa, a gaban iyaye da mutanen gari, da kayan da aka sani a gida. Kuma wata babbar malama za ta zo daga nesa, a cikinsu duka mutum ɗaya za ta zaɓa ya bi ta ya ci gaba da karatu a wurinta, inda ake duba hotunan da manyan maduban hangen nesa ke ɗaukowa daga sama.

"Kaka, ina son wurin nan," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. Na raine ta shekara ashirin, ba ta taɓa roƙona ɗan kunne ko atamfa ba, ban kuma taɓa ganin ta so wani abu har muryarta ta yi rawa ba sai ranar. "Kuma ina son ki taho ki gani."

Na ce zan zo ko da a ƙasa ne.

Ranar Larabar, kawunta ya kai ni tasha a kan babur, na shiga bas muka bi ta Birnin Kebbi. Na sa leshina mai ruwan ƙasa da gyalen da na je Makka da shi. Saboda zumuɗi na riga kowa isa. Luba ta tarbe ni a bakin ƙofa, ta kai ni wani ɗaki mai faɗin da zai ci gidanmu duka, tebura jere a gefe-gefe, kowanne da kayan mai shi. Ta zaunar da ni kusa da nata. Ga ƙorena huɗu a kai, rufe da faifai, ga wani allo mai hotuna a baya.

"Malaminmu na kiranmu. Ki zauna nan, Kaka, kada ki taɓa komi."

"Ni yarinya ce?"

Ta fita. Na zauna. Allah Ya sani na zauna, har na ja carbi kusan zagaye biyu. Babu kowa a ɗakin sai wata mata mai shara, 'yar Kalgo, ba ta kai ni shekaru ba amma ita ma ta kwana biyu. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Gwandu. Sai na ce a raina, leƙawa ai ba taɓawa ba ce.

Na ɗaga faifan fari. Jan goro a tsakiyar gari, 'yan ƙananan gudaji kusa da shi, wasu manya-manya can gefe. Na ɗaga na biyu: wani ƙaton dunƙule kamar curin fura manne a jikin goron, sauran ƙwaryar fayau. Na uku, wasu matsakaita cunkushe wuri ɗaya kamar tumaki a inuwa. Na huɗu kuwa ban san me zan kira shi ba. Ɗan gari ne da bai kai tafi biyu ba, da 'yan ɗigo uku.

Na ce, "Innalillahi."

Mai shara ta leƙo ta kaina, ta riƙe haɓa. "Wa ya yi wanga aiki?"

"Jikata."

"Ayya. Hajiya, sai haƙuri. Ɗiyan yanzu ke nan, sai latsa waya."

Ku tsaya ku ji abin da ke raina kafin ku yanke mini hukunci. Ƙoren nan nawa ne, da zanen da nake yi musu a baki, duk wanda ya fito Gwandu ya san su, kuma na ga iyaye 'yan garinmu a bas. Wannan ɗaya ke nan, ban ɓoye ba. Amma babban abin shi ne an ce mai zaɓen mace ce. Mace kuwa, ko ta karance littattafan duniya, ta san kunu. Na ga tana ɗaga faifan nan tana cewa yarinyar da ba ta iya haɗa gari da ruwa ba, ita za a ba sama ta duba? Na ga an hana Luba abin da take so saboda abin da ni zan iya gyarawa kafin a tafasa ruwan shayi. Na tuna uwarta. Na ce wallahi ba ina zaune ba.

Na tuɓe gyalen Makka na naɗe hannun riga. Na tsame goron nan huɗu, don ban ga abin da ya kawo goro cikin garin kunu ba. Na ba mai shara ɗaya, na ɓare ɗaya na jefa a baki, biyu na ƙulle a bakin zane. Na juye ƙoren duka a guda, na murƙushe komai ya koma gari. Mai shara ta kawo mini ruwa a buta. Na yi bisimilla na fara juyawa.

Jama'a, ban taɓa yin gudaji irin na ranar ba. Kamar ƙwayar barkono, kowanne ɗan'uwan kowanne. Na raba su huɗu daidai wa daida, har da wadda aka yi wa rowar gari na cika mata. Mai shara ta ce, "Kai, Hajiya, hannunki da albarka." Na rufe, na wanke hannu, na mayar da gyale, na miƙe ƙafa ina taunar goro kamar wadda ta gama aikin lada.

Ɗaki ya cika. Aka yi ta bi tebur-tebur. Wani yaro ya yi bayanin wutar rana, wata ta yi na ruwan rijiya, ban saurara ba, jira nake a zo kanmu. Can sai ga su: malamin su Luba, wani gajere mai tabarau, da babbar malamar, doguwa, baƙa, ba ta da fara'a sosai, Hausarta irin ta Kano. Mutane suka kewaye mu.

Luba ta yi sallama ta fara. Muryarta ta zauna, ta yi zancen sabon tauraro da ƙurar da ke zagaya shi, yadda na riga na ji. Sai ta ce, "Amma abin tambaya shi ne wannan. Da ana tsammanin kowane tauraro gidansa irin namu ne. Da aka duba dubban taurari, sai aka ga ba haka ba ne. Wani yana da ƙatuwar duniya guda manne da shi. Wani yana da matsakaita cunkushe. Wani kusan ba shi da komai. Hanya ɗaya aka bi, amma gida-gida sun sha bamban. Shi ya sa na kawo ƙore huɗu, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Goron da za ku gani a tsakiya shi ne tauraro."

Goron da ke bakina ya tsaya cak.

Amma ku san hali. Ban gama fahimta ba tukuna, ko kuma na ƙi fahimta. Ta ɗaga faifan fari. Ta tsaya. Ta ɗaga na biyu. Na uku ta ɗaga shi a hankali kamar mai tsoron maciji. Sannan ta ɗaga na huɗu. Ƙore huɗu, gudaji iri ɗaya, sumul, kamar 'yan huɗu ranar suna.

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa, da na ga shirun ya yi yawa, sai na ɗauka mamakin kyawun aikin ne ya kama su, kuma bai kamata yarinya ta karɓi yabon da ba nata ba. Na miƙe tsaye, na gyara gyale, na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji:

"Ni na gyara mata. Yarinya ce, hannunta bai zauna ba tukuna. Amma ku duba ku gani, gidan da ta fito an iya."

Daga can baya mai shara ta ce, "Wallahi ta iya, a gabana anka yi!"

Malam mai tabarau ya leƙa ƙwarya, ya leƙa ta biyu, ya ce, "To, ina taurarin?"

Luba ta juyo. "Kaka, ina goron?"

Na kwance bakin zane na fito da biyu. Ta ce saura biyu. Mai shara ta sulale ta bar ɗakin da tsintsiyarta. Ni kuwa babu inda zan sulale, ga bakina ja wur. Wani dattijo ɗan garinmu (na san shi, na san uwarsa, kuma ban yafe masa ba tukuna) ya ce, "La ilaha illallahu, Hajiya ta cinye tauraro!"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a kasuwar Kalgo. Har malam mai tabarau ya cire tabaransa yana share ido. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba: babbar malamar, da Luba. Ta matso kusa da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Kaka, kwana uku na yi ina shirya su. Da gangan na yi su haka. Na faɗa miki a gindin bedi."

Ba ta yi tsawa ba. Da ma ta yi. Idonta ya cika da ruwa tana ƙoƙarin hana shi zubowa, irin yadda take yi tana ƙarama in ana wanke mata ƙurji. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Na koma na zauna. Leshin ya yi mini nauyi. Na zo in taya ta, na rushe mata abin da ta gina a gaban wadda za ta zaɓe ta, kuma na tashi na yi shela.

Babbar malamar ta jira dariya ta lafa. Ba ta dube ni ba, Luba ta duba. "To, Lubabatu. Ga abin da ya faru. Akwai mutum shida bayanki suna jira. Me za ki yi?"

Luba ta share ido da bakin hijabinta. Ta kalli ƙoren, ta kalle ni. Na ga lokacin da wani abu ya zo mata, don girarta ta hagu takan ɗaga, irin ta uwarta.

"Kaka, taho nan. In na ce ki ɓata gudaji, kin iya?"

"Ni? Gaban mutane?"

"Ke kinka gyara gaban mutum ɗaya. Yanzu ki ɓata gaban kowa."

Mutanen Gwandu suna tsaye suna kallo. Shekara hamsin ina gina sunan nan. Na dubi fuskar yarinyar, na tuɓe gyalen Makka karo na biyu.

Akwai ragowar gari a leda ƙarƙashin tebur. Ta raba jan goro ɗaya gida biyu, ta juye ƙwarya ɗaya, ta dasa ɓari a tsakiyarta. Ta ce, "In kina son ƙato guda ya cinye sauran, ya za ki yi?"

Na ce, "Wannan ai aikin malalaciya ne. Maimakon ki yayyafa ruwa, sai ki kwara shi wuri ɗaya. Nan take guda zai yi ƙiba. In ƙwaryar ta ɗan karkace kuwa, sai ya gangaro tsakiya yana lashe duk na kan hanyarsa, wanda bai lashe ba ya ture shi waje." Na yi, ya gangaro ya manne wa goro.

Luba ta juya ga jama'a. "Kun gani? Wata duniya takan riga sauran girma, ta haɗiye iska mai yawa ta zama ƙatuwa. Wani lokaci ba ta zama inda aka haife ta, sai ta yi ta matsowa kusa da tauraron, tana cinye ƙanana ko tana watsar da su. Shi ya sa ake samun tauraro da ƙatuwa guda a gindinsa. Kaka, in kuma ana son a tashi babu komi fa?"

"Ki yi rowar gari, sannan ki zauna bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa. Kafin ya kama juna ta kwashe rabi." Na zuba kaɗan, na juya, ita kuma ta sa faifai tana fifitawa. Gari ya tashi ya bule malam mai tabarau.

"Haka tauraro ke yi," in ji Luba. "In ya yi ƙarfi, haskensa da iskarsa sukan kore abin da ya rage. Duniyar da ba ta gama haɗuwa ba kafin lokacin, shi ke nan, ta makara. Saura irin gidanmu, ƙanana kusa, manya nesa."

Wannan ban jira ta tambaye ni ba. Na ce, "Zama kusa da murhu ke kawo shi. Gefen da ke kallon wuta ya bushe, gudajinsa ba sa girma. Gefen da ke da danshi su yi ta ƙiba."

"Kusa da tauraro zafi ya yi yawa, dutse da ƙarfe kaɗai ke jurewa, sai a sami ƙanana masu tauri irin wadda muke tsaye a kanta. Can nesa akwai sanyi, ruwa ya zama ƙanƙara, kayan gini ya ƙaru, sai a sami manya."

Yanzu babu mai dariya. Mutane sun matso har suna taka mini zane. Babbar malamar ta ce, "Lubabatu, a ina misalinki ya gaza?" Na ce a raina matar nan ba ta da tausayi. Amma Luba ta amsa ba tare da jinkiri ba: a sama babu hannu mai murzawa, babu mai yayyafa ruwa, in dunƙule ya yi girma nauyinsa ne ke jawo na kusa da shi, kuma abin da na yi kafin a ƙifta ido can shekaru miliyoyi yake ci. Matar ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta rubuta wani abu.

Sannan ta juyo kaina. "Hajiya, ni abu ɗaya nake son sani. An ce ba kya ɓata gudaji. Ya aka yi kika san duk hanyoyin ɓata shi haka dalla-dalla?"

Na so in ce a wurin matan unguwa na gani. Har maganar ta zo bakina. Sai na ga Luba tana kallona.

Na ce, "Malama, shekarar da anka kai ni ɗaki, babu irin ɓatawar da ban yi ba. Bayan rumbu nake zuwa in zuba wa kaji don kada uwar mijina ta gani. Kajin gidan nan sun yi ƙibar da anka yi ta mamaki."

"Kaka!" in ji Luba. "Ke da kinka ce tun ranar fari..."

"Na ce. Yanzu kuma na ce wannan. Ki riƙe wanda ya yi miki."

A nan ne na ga haƙoran babbar malamar, ashe tana da wushirya.

Ba a faɗi wanda aka zaɓa ba ranar. Luba ta rako ni bakin titi inda ake shiga mota. Muna tafe, ƙoren na kaina, don na ƙi bari ta ɗauka. Ban taɓa ba yaro haƙuri ba tun da nake, a gidanmu ba a yi, in babba ya yi laifi sai dai ya ƙara wa yaro nama a miya. Amma babu miya a bakin titin Kalgo.

Na ce, "Luba, na ɓata miki."

Ta ce, "Gyarawa kinka yi, Kaka."

"Kada ki yi mini ba'a. In matar nan ta hana ki saboda ni..."

Ta kama hannuna, wanda har lokacin da gari a ƙarƙashin farce, ta riƙe shi da nata biyu. "In ta hana ni, sai in dawo gida ki koya mini gudaji. Tunda yanzu na san ke ma sai da kinka shekara."

Na juya fuska na ce ƙura ce ta motoci ta shiga idona.

Sati uku na yi ba na cin abincin kirki. Rannan da hantsi kawunta ya shigo da waya a hannu yana cewa in karɓa. Luba ce, muryarta na rawa, irin rawar nan. An ɗauke ta. Wai malamar ta ce masu haddace bayani suna da yawa, ita wadda abu zai rushe mata a gaban jama'a ta tsaya ta sake gini take nema. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai da na ajiye wayar na shiga ɗaki na ga tabarmarta a naɗe a jikin bango, sannan na gane abin da na yi wa kaina. Da hannuna na taya aka ɗauke mini ita zuwa garin da ban san hanyarsa ba. Tana kira duk Juma'a. Tana gaya mini an ga wani sabon tauraro da faifansa, har da gurbin da wata duniya ta share a ciki, ni kuma yanzu ina saurara har ƙarshe, tunda ta waya ba na ganin gwiwar hannunta.

Abin da na koya bai da yawa, don tsohuwa ba ta ɗaukar karatu da yawa a lokaci ɗaya. Yanzu in na ga abu a karkace, kafin in kai hannu nakan tambaya, "Da gangan ne?" Ko jiya na leƙa tukunyar matar ɗana na ga tuwo ya yi ƙulalai, na danne zuciyata na tambaye ta cikin ladabi. Ta ce, "A'a, Inna, wuta ce ta yi mini yawa."

Na ce alhamdulillahi, ba ni muciyar.